Jariri Mai Tsagaggen Ganɗa: Tiyata Kyauta Ce, Amma Wa Zai Ɗauki Sauran Nauyin?

A duk unguwar da mutanen Arewa ke zaune a Kudu, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun da ta Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, babu labarin da ya kai na haihuwa saurin zagayawa. Kafin mai jego ta yi wankan farko an san mace ce ko namiji, an kuma fara cigiyar rago da goro. Amma akwai wata haihuwa wadda iyaye ba sa son a yi shelarta. Ita ce wadda za a buɗe zane a tarar da leɓen jaririn a tsage har zuwa hanci, ko kuwa a ga fuska lafiya lau, sai an sa shi a nono a ga ya kasa kamawa, ɗan abin da ya samu kuma yana dawowa ta hanci. A irin wannan gida akan yi suna a gurguje, a hana 'yan barka ɗaukar jariri, uwa kuma ta shige ɗaki da damuwarta.

Yau shekaru fiye da 20 ke nan ana yi wa irin waɗannan yara aikin tiyata kyauta a asibitoci da dama na ƙasar nan, amma har yanzu ana ganin yara 'yan makaranta, har da magidanta, suna yawo da tsagar da aka haife su da ita. Waɗansu kuwa ba sa ma kai lokacin aikin, yunwa ta riga likita. Dalilin haka shi ne aikin tiyatar yini guda ne, renon yaron kuwa na shekaru ne, kuma wannan nauyi na biyu shi ne aka bar wa iyaye su kaɗai a lokacin da rayuwa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba.

Yadda abin yake faruwa

Likitoci sun bayyana cewa fuskar ɗan tayi takan haɗu ne daga ɓangarori, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye. Leɓen sama yana haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7 da shigar ciki, ganɗa kuwa, watau rufin baki wanda ya raba baki da hanci, tsakanin mako na 6 da na 9. Idan ɓangarorin ba su gama haɗuwa ba sai a haifi yaro da tsaga, ko a leɓe kaɗai, ko a ganɗa kaɗai, ko duka biyu. Ke nan abin yakan auku tun kafin mata da yawa su tabbatar suna da juna biyu. Saboda haka zancen da ake yi cewa mai ciki ta fita da tsakar rana ne, ko ta kalli husufin wata, ko ta yi wa wani dariya, ko ta yi gamo, ba shi da tushe.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sun haɗa da gado, da shan taba ko giya a lokacin ciki, da ciwon sukari, da waɗansu magungunan farfaɗiya idan an sha su a watanni uku na farko. A yara da yawa kuwa ba a gano wani dalili guda. Gadon yana iya zuwa ta wajen uba kamar yadda yake iya zuwa ta wajen uwa, don haka mijin da ya ɗora wa matarsa laifi, ko dangin da suka matsa masa ya sake ta, sun zalunce ta ne kawai. Idan iyaye lafiyayyu suka haifi yaro guda mai tsaga, kuma babu wata lalura tare da ita, yiwuwar na gaba ya zo da ita ba ta cika wuce kashi 5 cikin ɗari ba.

Wani bincike da Farfesa Azeez Butali da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijeriya ana samun kamar yaro 1 a cikin haihuwa 2,000. Adadin yana da alamar ƙanƙanta, amma a ƙasar da ake haihuwar yara wajen miliyan 7 a shekara, lissafi ya kama dubu 3 da ɗoriya kowace shekara. Mai yiwuwa ne kuma a ce sun fi haka, domin binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai rabin haka ba. Yaron da aka haifa a ɗaki ya rasu a ɗaki ba ya shiga littafin kowa.

Yana da kyau a bambanta wannan lalura da cutar Noma, wadda waɗansu ke kira zaizayar baki. Ita Noma ba a haihuwar yaro da ita, takan kama yara ne masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, ta cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki, kuma tana kisa. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Tsagewar leɓe da ganɗa kuwa ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta, kuma ba ta taɓa hankalin yaro idan ita kaɗai ce.

Yaƙin farko shi ne na ciyarwa

Jariri yana tsotso ne ta hanyar rufe bakinsa ruf ya ja nono. Wanda ganɗarsa take a buɗe ba zai iya ba, domin iska tana shigowa ta hanci, kamar mai son shan ruwa da tsinken da ya huje. Sai ya yi ta fama har ya gaji ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali kuwa ƙarfin da ya kashe ya fi abin da ya sha. Cikin makonni kaɗan sai rama ta bayyana, nonon uwa kuma ya fara ƙafewa don ba a janye shi. Wani rahoto da ƙungiyar Smile Train ta fitar a 2022 ya nuna yara masu wannan lalura 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi sauran yara faɗawa cikin rama da kusan ninki biyu.

Abin da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata ba mai wuya ba ne, muddin an koya musu da wuri. Yaron da leɓensa kaɗai ya tsage sau da yawa yana iya shan nono, idan uwa ta toshe tsagar da yatsa ko da jikin nonon. Mai tsagaggen ganɗa kuwa sai an tatsa an ba shi da cokali, ko ƙaramin kofi, ko bulumboti na musamman wanda ake matsawa a hankali. A riƙe shi a zaune, kada a kwance. A ba shi kaɗan-kaɗan kowace awa 2 zuwa 3, kada shayarwa guda ta wuce rabin awa, a kuma riƙa sa shi gyatsa a tsakani domin yana haɗiyar iska da yawa. Fitowar nono ta hanci ba abin tsoro ba ne, a goge a ci gaba. Amma idan yaro yana shiɗewa, ko leɓensa yana yin shuɗi, ko haɓarsa ƙarama ce ƙwarai har numfashi yana masa wuya, to, wannan na asibiti ne a ranar, domin waɗansu yaran sukan zo da matsalar numfashi ko ta zuciya tare da tsagar.

Ɗura irin ta gargajiya, wadda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci, tana da haɗari ga kowane jariri, balle wannan, don abin yana iya wucewa huhu ya jawo ciwon haƙarƙari mai kisa. Haka nan cire beli. Wanzami shi ne mutum na farko da yakan leƙa bakin jariri a gidaje da yawa, kuma idan ya sa ƙarfe a ganɗar da take a tsage, naman da likita zai yi ɗinki da shi ne yake yankewa, ban da zubar jini da ɗaukar cuta. Likitoci ba su yarda da cire beli ga kowane jariri ba. Wanzamin da ya ga beli ya rabu biyu, ko ya ga rami a rufin baki, babban alherin da zai yi shi ne ya mayar da askarsa cikin zabira ya tura iyaye asibiti.

Muhimmancin ciyarwa ya wuce ceton rai kawai, domin shi ne mabuɗin tiyatar kanta. Akwai tsohuwar ƙa'ida da likitoci da yawa ke bi kafin su sa jariri barci don ɗinkin leɓe: ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kilo 4 da rabi, ma'aunin jininsa kuma ya kai 10. Ramammen yaro, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, sai a ce a koma gida a dawo. Iyaye da yawa daga wannan komawa ba sa dawowa.

Doguwar tafiya

Akan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin yaro ya saba da magana. A nan ne ake yin babban kuskure. Da zarar an gyara leɓe fuska ta yi kyau, sai iyaye su yi hamdala su ɗauka an gama, tun da tsagar ciki ba mai ganinta. Sai yaro ya fara magana a ji ta hanci take fita, ba mai gane abin da yake faɗa sai uwarsa. Ana iya yi wa babba aikin, kuma yana amfana, amma gyaran harshen da ya riga ya saba yana da wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan ganɗa akwai kunne. Naman da ke can ƙarshen rufin baki shi ne ke buɗe 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, idan kuwa ba ya aiki daidai sai ruwa ya taru a cikin kunne. Yawancin yaran nan sukan yi fama da wannan, waɗansu har sai an sa musu ɗan bututu a dodon kunne. Yaron da ba ya ji sosai ba zai koyi magana sosai ba, a makaranta kuma sai a ɗauke shi daƙiƙi alhali kurumta ce ke damunsa. Sannan akwai haƙora, waɗanda sukan fito a karkace ko su ƙi fitowa a wajen tsagar. Idan tsagar ta ratsa dasashi, akan ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu a cike gurbin wajen shekara 8 zuwa 11. Wani lokaci ɗinkin ganɗa yakan bar 'yar kafa a sake komawa, waɗansu kuma sai sun balaga ake daidaita musu muƙamuƙi ko hanci. Watau iyali za su yi ta zirga-zirga tsakanin likitan tiyata, da na kunne, da na haƙori, da mai koyar da magana, har yaro ya kusa shekara 18.

Asibitocin da ke wannan aiki ba su yi wa mazauna Kudu nisa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa. Akwai na Jami'ar Badun, da na Ile-Ife, da na Binin, da Asibitin Ƙashi na Inugu. A gida kuma akwai Asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Maiduguri. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a birnin New York na Amurka a 1999, ita ce ke biyan kuɗin yawancin aikin kyauta da ake yi, ta hannun likitocin ƙasa a asibitocin da ta ƙulla yarjejeniya da su, a waɗansu wuraren ma tana taimakawa da abinci da koyar da magana.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka baƙon Kudu yana da matsalolin da ɗan gari ba shi da su. A ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ko ɗan acaba, ko maigadi. Ranar asibiti a wurinsa ranar rashin ciniki ce, ga kuɗin mota, ga na kati, ga na gwajin jini, ga abincin mai jinya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo, litar mai ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta ce a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Idan nonon uwa ya ƙafe aka koma madarar gwangwani, mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba zai kai ko'ina ba, mafi yawan baƙin kuma ba su ma cikin masu albashi. Sai a riƙa tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, ko a koma koko tun yaro bai isa ba.

Na biyu, uwa ba ta da mataimaka. A gida akwai kaka da gwaggo da inna da za su karɓe ta, a ɗakin haya na Ikko kuwa ita ce mai tatsa, ita ce mai ba da cokali dare da rana, ita ce mai girki. Idan ta je asibiti ana yi mata bayani da Turanci ko Yarabanci, ta gyaɗa kai ta fito ba ta fahimci ranar dawowa ba. Na uku, al'adar tura mace gida haihuwa da wankan jego takan raba jinyar gida biyu: a fara a Kano a ƙarasa a Ikko, ko a ɗinke leɓe a Badun a koma ƙauye da kati ya ɓata, babu likitan da ya san inda aka kwana.

Na huɗu shi ne harshe. Masu koyar da magana 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Baƙaƙen da suka fi ba yaro mai tsagaggen ganɗa wuya su ne waɗanda ake tara iska a baki kafin a furta, irin su b da d da k da s, Hausa kuwa ta ƙara da nata, irin su ƙ da ts. Ƙwararren da ba ya jin Hausa zai sha wuya kafin ya gane inda yaron Bahaushe ke kuskure, balle ya nuna wa uwar yadda za ta riƙa yi masa bita a gida.

Akwai kuma abin da ke cikin zuciya. Wani bincike da likitocin ƙasar nan suka wallafa a 2007 ya gano cewa iyaye Yarabawa sun fi danganta lalurar ga miyagun iskoki, iyaye Hausawa da Fulani kuwa ga nufin Allah. Wannan imani yana da amfaninsa, domin yana sa a karɓi yaro a rene shi ba tare da ƙyama ba. Illar tana zuwa ne idan aka mai da shi hujjar zama, har wani ya ce gyaran leɓe canza halitta ne. Malamai sun sha bayyana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma mayar da gaɓa yadda ya kamata ta kasance magani ne.

Ina gwamnati?

A kan takarda akwai tanadi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta ƙaddamar da shirin shekara biyar na inganta aikin tiyata. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya, tare da asusu na musamman don marasa galihu. Amma alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita. Ga kuma gudun likitoci: Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa wajen likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Aikin ganɗar jariri yana bukatar likitan tiyata da mai sa barci da suka ƙware kan yara, kuma irinsu ne ƙasashen waje suka fi zawarci.

Dogaro da taimakon waje kuwa zaman aro ne. Yadda Amurka ta datse tallafinta na ƙasashen waje a farkon 2025 ya girgiza shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka. Kuɗin tiyatar leɓe daga masu ba da sadaka yake fitowa ba daga baitulmalin wata gwamnati ba, amma darasin ɗaya ne: abin da ba ya cikin kasafin ƙasa ana iya wayar gari babu shi. Ya kamata hukumomin inshora na Tarayya da na jihohi su sa wannan lalura cikin abin da suke biya tun daga ciyarwa har zuwa koyar da magana, kuma a koya wa kowace ungozoma ta leƙa rufin bakin jariri da tocila a ranar haihuwa, tun da tsagar ganɗa kaɗai ba ta cika fitowa a hoton ciki ba.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da jama'a za su iya. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin kasuwanni suna da asusun kai gawa gida da na belin wanda aka kama. Ware wani abu don kuɗin mota da madarar irin waɗannan yara ba zai gagara ba. Matasan unguwa da suka yi boko za su iya raka mata asibiti su yi tafinta. Limamai da sarakunan aska su ne suka fi kowa shiga gidan haihuwa, maganarsu guda ta fi sanarwar rediyo goma. Mata masu niyyar ɗaukar ciki su fara shan ƙwayar folik asid tun da wuri, su je awo, mai farfaɗiya ko ciwon sukari kuma ta ga likita kafin ciki, kada ta daina magani da kanta.

Ga maigidan da aka yi wa irin wannan haihuwa, abin yi a fili yake. Ya kai jariri babban asibiti a makon farko, kada ya jira suna ko arba'in, ya nemi sashen tiyatar baki da fuska, ya tambaya ko ana aikin kyauta. Ya tabbatar ana auna nauyin yaron a kai a kai, ana yi masa rigakafi, yana kwana cikin gidan sauro. Ya adana kati da duk takardun asibiti, idan iyali za su tafi gida ya karɓi wasiƙar likita zuwa asibitin da ke kusa da su. Bayan an ɗinke leɓe kuma, ya tambayi ranar aikin ganɗa ya rubuta ta, ya kai yaron ranar ko da kasuwa na ci.